Gurbin Tafi a Waƙar Kaka Gambo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni ya dawo da ni. Tun da na komo daga Bawku ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin rijiya a tambaye ni, har mai kawo mini kifi daga Makango sai da ta sauke kwandonta ta ce, "Mma Azumi, wai da gaske an sa ki a littafin 'yan boko?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da jikata Rukaya na ce ta ɗauki biro, ni in faɗa ita ta rubuta, kowa ya ji sau ɗaya. Na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Ban taɓa shiga aji ba, amma abin da idona ya gani ba sai an tuna mini ba.

Kakata ta wajen uwa sunanta Gambo. Fura take sayarwa a zangon Salaga tun zamanin da fatake suke lodin goro a kan jakuna. Mijinta ya bi ayari zuwa ƙasar Hausa, shekara ta zagayo bai dawo ba, wata ta sake zagayowa. A cikin jiran nan ta ƙaga waƙa, tana bin sawunsa zango zango, alhali ita ko Bimbilla ba ta taɓa zuwa ba, daga bakin fatake ta tsinci sunayen garuruwan. A gindin turminta na koye ta tun tsayina bai kai na taɓarya ba.

Rukaya kuwa tarihi take koyarwa a jami'a. Wata Sallah ta zo gida da wani littafi, ta ce, "Kaka, bari in karanta miki waƙar wani malamin Yendi, Malam Haruna, har Salaga ya ambata." Ta fara:

Ayari ya tashi da asuba,
Goro a waga, jaki a gaba,

Ban san sanda bakina ya karɓe ba:

Rijiya ɗari ban sha ba,
Sai ya dawo.

Rukaya ta saki littafin. Ta ce, "Kaka, a ina kika ji?" Na ce, "Ni zan tambaye ki. Wa ya ba wa namiji waƙar kakata?"

Ta zauna ta rubuta dogon bayani ta aika wa wata mujalla ta masana, irin wadda ba a buga magana a ciki sai alƙalai sun tantance. Bayan watanni takarda ta dawo. Alƙalai biyu ne, kuma wai ba a faɗin sunansu. Na ce wane irin alƙali ne wannan mai ɓoye fuska? A garinmu mai yanke hukunci a zaure yake zama, kowa ya san ubansa. Rukaya ta ce ana yin haka ne don kada sanayya ta shiga, su ma ba su san tata fuskar ba. Na ce to, akwai hikima a ciki, amma da ciwo. Abin da suka ce shi ne, maganar tsohuwa ɗaya ba hujja ba ce. Takardar Yendi tana ɗauke da sunan Malam Haruna a ƙasanta, baitin da ke da sunan Gambo kuwa a bakina kaɗai yake, kuma jika tana iya ƙara wa kakarta gishiri. A kawo shaida ta biyu, a duba asalin takardar, a sa masana na wasu fannoni su sa ido. In ba haka ba waƙa ta zauna a hannun malam.

Ranar ban ci tuwo ba. Ba don kaina ba, ni me zan yi da mujalla? Amma in na mutu, littafi ne zai rage, kuma littafi ya ce Gambo ba ta yi komai ba a duniya sai dama fura.

Haka aka haɗa tafiya. Mu huɗu ne, ban da direba. Akwai Farfesa Idirisu, Badagombe, dattijo mai farin gemu, masanin tsofaffin takardun ajami da Larabci. Shi ne ma tun yana saurayi ya fara buga waƙar da sunan Malam Haruna, don haka ku gane ba da murna ya shigo motar ba. Akwai Kwabena, Ba'asante, masanin kiɗa da waƙa, Hausarsa ta kasuwa ce, yana yawo da na'urar ɗaukar murya mai gashi buzu-buzu kamar an kama gafiya an soke a sanda. Sai Rukaya, sai ni. Guzurina busasshen kifi da ƙuli-ƙuli da goro. Na kuma fito da taɓaryar Kaka Gambo, ta icen ƙirya ce, ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannaye, na ce a ɗaura ta a saman mota.

Farfesa ya ce, "Hajiya, can ma akwai abinci, ba sai kin daka ba."

Na ce, "Kai ka bar tabaraunka a gida?"

Ya yi dariya, bai gane ba. Ni ma a lokacin, in faɗi gaskiya, ban san abin da za ta yi mana ba. Na dai ga bai kamata a je shari'ar mutum ba tare da wani abu nasa ba.

Hanyar Bimbilla ta girgiza mana hanji. Kafin mu isa taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar kaɗanya kusa da masu doya, an jera ta tsibi tsibi har ta fi mutum tsayi. Wata mata ta gasa mana biyu ta ƙi karɓar komai, wai ba ta sayar wa mai furfura abin da zai ci a hanya. A nan na fara jin yadda masana suke faɗa. Farfesa ya ce takarda ce uwar hujja, abin da ba a rubuta ba iska ce. Kwabena ya ce takarda gawar waƙa ce, rai yana cikin murya. Rukaya ta ce dukansu biyu ba su tambayi wace shekara aka daina bin hanyar goro ba. Duk da Turanci suke yi, ita take juya mini. Na saurara har doya ta huce, sannan na ce, "Ku uku kuna da hatsi ɗaya, kowa yana neman turminsa daban. Yaushe za a ci tuwo?" Direba ne kaɗai ya yi dariya.

Mun shiga Yendi da la'asar, muka sauka a gidan Alhaji Mahama, jikan Malam Haruna, mai karantarwa da safe ya buɗe shagon yadi da rana. Gaisuwar Dagomba aiki ce. Matan gida suka durƙusa a gabana, kowace kalma suka faɗa sai a amsa "Naa," a tambayi hanya, "Naa," a tambayi gajiya, "Naa," a tambayi mutanen da ka baro da waɗanda ba ka baro ba. Mu a Salaga muna gaisuwa, amma muna barin baƙo ya sha ruwa a tsakani. Na ce bari in rama ladabi, na durƙusa wa uwar Alhaji, tsohuwa ce da ta girme ni. Sauka ta yi daɗi, tashi ya gagara. Sai da Rukaya da wata suruka suka ɗago ni kamar buhun gero, tsohuwar tana dariya har da hawaye tana cewa da Hausarta, "Salaga ya faɗi a Yendi!" Daga nan muka zama ƙawaye. Aka kawo wasawasa, garin doya ne da ake turarawa ya yi baƙi, da mai da yaji da wake. Nasu ya fi namu laushi, na faɗa musu, ban ɓoye ba.

Da safe Alhaji ya yi alwala ya fito da takardar a cikin gafaka ta fata. Farfesa kuma ya sa farin safar hannu. Na dube su na ce a raina, kowa da irin tsarkinsa. Takardar ta yi ja kamar ganyen goro busasshe. Farfesa ya karanta a hankali, na ga lallai yana son takardar nan kamar 'yarsa. Da ya kai baitin Yendi sai ya tsaya:

Yendi na tambayi mai doya,
Ko kin ga mai rawani da laya,
Ta ce ya wuce tun jiya,
Bai tsaya ba.

Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Kowane layi na huɗu gajere ne, awonsa bai cika ba. Malamin da ya san ma'aunin waƙa ba zai yi haka da gangan ba. Wannan kwafi ne, asalin ya ɓata, mai kwafewa ya zubar da kalmomi. Shi ya sa a littafina na sa ɗigo ɗigo a wurin. Shekaru na yi ina neman abin da ya faɗi. Ke ma da kike rerawa, da giɓin kike rerawa. Ashe daga takarda ta zo bakin mata, ba daga bakin mata ta zo takarda ba."

Rukaya ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na ji abin ya ba ni mamaki, don ban taɓa sanin akwai giɓi a waƙar ba. Na rera ta a zuci, na kai wurin, sai na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi.

Na ce, "Alhaji, a gidan nan akwai turmi?"

Aka fito da turmi tsakar gida, aka zuba gero. Aka kwance taɓaryar Kaka daga saman mota. Na kira matar Alhaji da surukarta, na tambaye su ko sun iya lugude. Suka ce wace mace ce ba ta iya ba? Ga wanda bai sani ba, lugude shi ne mata uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, ba a karo, har sautin ya zama kiɗa. Muka fara. Na ɗora waƙa. Layi na ɗaya, na biyu, na uku, taɓare suna amsawa. Da na ce "Sai ya dawo," na wurga taɓarya sama, na tafa, na cafe ta, ta faɗa turmi daidai kan baiti na gaba. Shekaruna sun haura saba'in, kafaɗata ta yi ƙara, amma ban sake ta ba.

Kwabena ya yi tsalle har gafiyarsa ta kusa faɗawa cikin gero. Yana ƙirgawa da yatsu yana ihu, "Ya cika! Awo ya cika! Mma, sake, sake!" Muka sake. Kowane layi na huɗu, taɓarya sama, tafi, cafewa. Babu kalmar da ta ɓata. Wurin da Farfesa ya sa ɗigo, wurin tafi ne, kuma mace ba ta waƙa a lokacin da ƙirya take sama da kanta, idonta da numfashinta suna can.

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina neman kalma a ɗakunan littattafai, ashe tana tsakar gidan uwata." Na ji tausayinsa. Namiji ne, tun yana yaro aka raba shi da gindin turmi aka kai shi zaure, ina zai sani?

Wanda na fi jin tsoro Alhaji Mahama ne, don kakansa ake shirin karɓe wa waƙa a cikin gidansa, bayan mun ci abincinsa. Ya ja carbinsa. Can ya ce, "An gaya mana Malam ya yi shekara biyu a zangon Salaga yana neman ilimi. Al'adarsu ce in sun rubuta abu su sa sunansu a ƙasa don a yi musu addu'a. Ban taɓa jin ya ce shi ya ƙaga ba, mu ne muka jingina masa ita." Na ce, "Alhaji, da kakanka bai ji daka ta bayan katanga ya ɗauki alƙalami ba, da yau ba mu da abin da za mu nuna wa alƙalai. Allah ya jiƙansa." Ya ce amin, ya ƙara da Gambo a cikin addu'ar.

Amma Farfesa, ko da ya sha kaye, bai bar aikinsa ba, kuma na girmama shi a kan haka. Ya ce, "Yanzu mun san waƙar mata ce ta daka. Ba mu san ta Gambo ba ce. Saura shaida." Abin da na sani shi ne autar Kaka, Asabe, an kai ta aure Bawku gidan wani mai fataucin shanu tun kafin a haife ni, kuma an ce ta bar 'ya mai suna Lariba. Ban taɓa ganinta ba, ban san ko tana raye ba.

Muka bi ta Gushegu. A Nakpanduri hanya ta gangara daga kan dutse tana lanƙwasa kamar maciji, na rufe ido na karanta duk abin da na haddace, na sake daga farko. Bayan Garu shingaye suka yi yawa, don garin Bawku ya sha wahala, Allah ya zaunar da shi lafiya, ga kuma iyakar Burkina da ta Togo a kusa. A wani shinge wani jami'i matashi ya ga abu dogo a naɗe da zane a saman mota, fuskarsa ta canja, ya ce kowa ya fito. Aka kwance a hankali, abokan aikinsa sun ja baya. Sai ga taɓarya. Ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya ce da Hausar bariki, "Mma, wannan na menene?" Na ce, "Shaida ce, za ta kotu." Ya dube ni, ya dubi Farfesa da gemunsa, ya fashe da dariya ya ce mu wuce, Allah ya ba shaida nasara.

Bawku gari ne mai baki da yawa. A layi ɗaya za ka ji Kusasi da Mosi da Bisa da Faransanci, amma in ciniki ya yi zafi kowa Hausa yake komawa. Warin albasa ko'ina, amalanken jakuna suna gogayya da manyan motoci. An sauke mu a masauki mai na'urar sanyi, na kwana da mayafi biyu kamar mai zazzaɓi don kunyar in ce ban san yadda ake kashe ta ba. Gasasshen zabonsu kuwa, ban ci irinsa ba.

Masana suka ce za su nemi gidan ta wurin masu unguwa. Na ce su bar ni. Na je layin masu fura a kasuwa na ɗanɗana ta mutum huɗu. Ta biyar na ji kanumfari da citta sun yi yawa, gero kuma an surfa shi sau biyu, irin hannun gidanmu. Na ce, "'Yata, wa ya koya miki?" Ta ce uwar mijinta, Mma Lariba.

Farfesa ya kafa sharaɗi, kada mu haɗu sai an ɗauki muryarta, don kada alƙalai su ce na sa mata magana a baki. Wannan shi ne abu mafi wuya a tafiyar. 'Yar'uwata da ban taɓa gani ba tana bayan katanga, ni an ajiye ni gidan maƙwabta a kan tabarma da kofin ruwa.

Aka daɗe. Sai ga Rukaya ta shigo idonta ya yi ja. Ta ce, "Kaka, ta ce ta san uwarta tana wata waƙar Salaga, amma ta manta. Mun zaunar da ita a kujera, Kwabena ya kafa mata na'ura, ta yi ta ƙoƙari, ko layi ɗaya bai zo ba. Tana ta ba mu haƙuri."

Na ce, "A kujera? Ku da kuka ga abin da ya faru a Yendi? Wa ya taɓa yin waƙar nan a zaune? Kai mata wannan. Kada ku ce mata komai, ku zuba gero kawai."

Ta ɗauki taɓarya ta fita. Na kasa kunne. Na ji an jawo turmi. Na ji bugu ɗaya, mai rauni, na tsohon hannu. Na biyu. Sai wasu taɓare biyu suka shiga, surukanta ke nan. Lugude ya daidaita. Ina riƙe da carbi amma ban san abin da nake ja ba. Sai wata murya siririya ta taso ta bayan katanga, da karin Bawku a harshenta, "Ayari ya tashi da asuba." Ta bi Yendi, ta bi Gambaga, ta bi garuruwan da ni ma nake bi. A layi na huɗu ba ta iya wurgawa ba, amma na ji surukan sun tafa mata. Ta zo inda takardar Malam ta ƙare, ba ta tsaya ba:

In an tambayi mai waƙar nan,
Gambo ce mai fura a zangon nan,
Ƙafa na gida, zuciya na can,
Tana jira.

Ban jira izinin Farfesa ba. Na fita ba takalmi, na shiga gidan, na ga wata tsohuwa gajera mai goshin uwata sak, ta rungume taɓarya tana shafa ta. Ta ce, "Ke ce ta Salaga?" Na ce, "Ni ce, Yaya." Abin da ya biyo baya na mu biyu ne, Rukaya, kada ki rubuta.

Saura abu ɗaya. Da za mu tafi aka kawo takardar yarda mu dangwala. Na ce a karanta mini tukuna. Ashe a al'adarsu ana ɓoye sunan wanda aka yi hira da shi don kare shi, za a kira ni Tsohuwa ta Ɗaya, Lariba Tsohuwa ta Biyu. Na janye yatsana. Na ce, "Mun ratsa ƙasa don a mayar wa mace ɗaya sunanta, za ku cire na mata biyu? Farfesa, a zaurenku in malami ya ba da karatu ba ya cewa daga wane na ji, shi kuma daga wane?" Ya ce haka ne. Ya karɓi biro ya gyara da hannunsa, sannan muka dangwala.

An sake aikawa. Su uku suka rubuta tare a wannan karon, turmi ɗaya, kuma Farfesa da kansa ya rubuta sashen da ya ce ya yi kuskure. Alƙalan nan marasa fuska suka sake dawo da ita sau ɗaya da ƙananan tambayoyi, ɗayansu ma wai ya roƙi a aika masa muryar ya ji da kunnensa. Bayan damina ta wuce Rukaya ta zo da mujallar a jakarta.

Ta kama yatsana ta ɗora a saman shafi ta ce, "Nan an rubuta waƙar Gambo mai fura ta Salaga, da rubutun hannun Malam Haruna na Yendi. Nan kuma, cikin jerin masu aikin, Azumi da Lariba." Na ce na ji, na gode wa Allah. Baƙaƙen dai duk ɗaya suke a idona, kamar tururuwa sun yi layi.

Sai na duba ƙasa inda aka jera baitocin. Layi uku dogaye, na huɗu gajere, kuma a gabansa babu ɗigon Farfesa. An bar wurin fari fes, fili guda, a kowane baiti har ƙarshen shafi. Na ce, "Rukaya, sakar mini hannu. Wannan na iya karanta shi."

Na ajiye mujallar a kan cinyata, na bi da ido har na kai farin wurin, na tafa.